Miskilanci ne ko wani abu daban? Manyan da ba a gano suna da otizim ba

Ummu_Haidar_Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a mai da ita wasa. Babbar mace mai aure da 'ya'ya za ta iya kasancewa da otizim alhali ba a taɓa ganowa ba tana ƙarama? An duba yarona ɗan shekara huɗu an ce yana da shi. Da likitar take jero min halayensa, rabi a jikina nake jin su. Ba ya son hayaniya, ni ma haka. In aka canza masa tsarin yini sai ya birkice, ni kuma in baƙi suka faɗo ba waya, sai na shiga banɗaki na yi kuka kafin in fito in yi musu sannu da zuwa. Tun ina firamare sunana miskila, a gidan miji aka ƙara min da mai girman kai. Amma na yi makaranta lafiya, ina aiki, ina riƙe da gidana. Abin yana ɓuya haka? Kuma me ya sa kullum yara maza ake nunawa?

DanJekadafari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, galahanga ai ba ya ɓuya, tun daga fuska ake gane yaro, ga rashin magana. Ke da kika tsara wannan bayani tsaf, ina ke ina shi? Gajiyar hidimar yaro ce kawai. Allah ya ba shi lafiya.

Nas_Pantami:
Hamma DanJekadafari, ka haɗa abu biyu. Wanda ake ganewa a fuska yanayi ne daban, yana zuwa ne in an haifi yaro da ƙarin ƙwayar gado ta 21. Otizim ba shi da fuska. Ba ya fitowa a gwajin jini, ba ya fitowa a hoton ƙwaƙwalwa. Halayya likita yake dubawa da tarihin yarinta, kuma ginshiƙi biyu yake nema. Na farko wahalar mu'amala: karanta fuskar mutum, gane abin da ake nufi ba a furta ba, riƙe hira ana ba ka kana bayarwa. Na biyu riƙe tsari kam-kam, maimaita motsi ko magana, nutsewa cikin abu guda har a manta da cin abinci, da jin ƙara ko wari ko taɓawa ba yadda sauran mutane ke ji ba. Akwai wanda ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi har tsufa. Akwai kuma lakcara a jami'a. Adda Ummu Haidar, amsar tambayarki e, yana ɓuya. Ba a kamuwa da shi da girma, da shi mutum yake tasowa, sai dai a makara ganowa. Ni nas ce ba likita ba, kuma ban ce kina da shi ba.

Malamar_Aji_Uku:
Ni ta wajen aji zan yi magana. Yaro namiji mai irin wannan yanayi, kafin hutun zango na farko kowa ya san da shi. Yana tashi yana zagaye, yana toshe kunne in an kaɗa ƙararrawa, wani ya taɓa masa jaka ya kai masa duka. Dole a kira iyaye. Yarinya kuwa tana can kujerar gefe, littafinta fes, ba ta surutu, lokacin tara tana bin ƙawa ɗaya duk inda ta sa ƙafa tana kwaikwayon yadda take dariya. Me muke rubuta mata a katin sakamako? Mai ladabi da natsuwa. Har kyauta muke ba ta ranar rabon sakamako. Aji mai yara fiye da 70, wanda ya dame ka shi kake gani.

Bafullatana_Dukku:
Malama kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A gidajenmu na Fulani yarinyar da ba ta kallon idon babba, ba ta yawan magana, ba ta son fita, ita ce ake nuna wa sauran a ce ku yi koyi da ita, ta san pulaaku. Ƙanwar babana haka take. Duk rugar nan ana yabon kunyarta. Da aka kai ta ɗaki, abin da ake yabo shi ya koma laifi. Ba ta iya zaman tsakar gida da facaloli, ba ta shiga hirar dangin miji, in an yi suna a gidan sai ta kulle kanta. Aure uku ta yi. Yanzu tana gida tana saƙar faifai, irin adon da take fitarwa ba mai iya shi a yankin. Ana cewa aljanu ne suka hana ta zaman aure. Ban taɓa kawo wani tunani ba sai yau.

Bappa_Bajoga:
Ku yi hattara. Turawa sun gama mai da kowane hali cuta, yanzu kunya ma za ku kai ta asibiti? A zamaninmu ba mu san wannan ba. In ma ya yi yawa yanzu, a binciki alluran da ake ta ɗirka wa jarirai.

Dalibin_Likitanci_GSU:
Bappa, da girmamawa, maganar allura an bi ta har gindinta. Wani likita ɗan Ingila, Andrew Wakefield, shi ya tayar da ita a 1998 da rahoto a kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano ya murɗa bayanan, mujallar likitoci ta Lancet da ta wallafa shi ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke masa lasisin aiki. A Denmak an bi yara sama da 650,000, sakamakon ya fito a 2019, ba a ga alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Gado ne ya fi ƙarfi a ciki, manyan bincike suna kai kason gado wajen kashi 80 cikin 100. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne uwa ko uba su gane kansu ranar da ake duba ɗansu.

A kan tambayar Adda ta biyu, tarihin abin ne ya karkata tun farko. Likita Leo Kanner da ya bayyana otizim a Amurka a 1943 yara 11 ya rubuta, 8 maza, 3 mata. Wani likita, Hans Asperger, a Biyana a 1944, yaran da ya yi dogon bayani a kansu huɗu ne, duka maza. Akwai wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, da ta riga su da kusan shekara 20, har ta yi rubutu na musamman a kan yara mata, amma aka daɗe ba a waiwayi aikinta ba. To ma'aunin da aka gina, da siffar yaro namiji aka gina shi. An daɗe ana cewa maza 4 mace 1. A 2017 aka tattara bincike 54, sai aka ga inda aka shiga cikin jama'a aka tantance kowa da kowa, lissafin ya fi kusa da 3 da 1. Ma'ana akwai matan da suke da shi amma ba sa isa gaban likita, ko su isa a ba su wani suna.

Bappa_Bajoga:
To na ji na allura. Amma har yanzu ban ga inda kunya ta zama ciwo ba.

ShiruShiru:
Bappa, kunya daban. Ni likita ya tabbatar min da nawa lokacin da nake karatun digiri na biyu a waje, na haura talatin a lokacin. Mai kunya ta san abin da ya kamata ta faɗa, nauyi ne yake hana ta. Ni ban sani ba, haddacewa nake yi. Gaisuwa ma haddarta na yi: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya mai jiki, sai in ƙirga a zuciya in ga ko na kai adadin da ba za a ce na yi gaisuwar raini ba. Kallon ido kuwa tsakanin gira nake kallo, mutum ya ɗauka idonsa nake kallo.

Abin da ya fi ba ni wuya gatse da habaici. Ina amarya, uwar mijina ta same ni zaune ana aikin abincin sadaka, ta ce, ai sai ki yi zamanki, mu bayinki ma yi miki. Na ce to Dada, na gode, na gyara zama. Wallahi har raina na ɗauka tausayina ta ji. Sai da maganar ta kai gidanmu, aka zo ba da haƙuri, sannan aka fassara min. Har yau in an tashi ba da misalin rashin kunyata wannan ake kawowa.

Biki kuma, ina zuwa, ina murmushi, har liƙi nake yi. Amma leshin yana cizona kamar an zuba min ƙaiƙayi a riga, turaren wuta da humra na mata hamsin sun haɗu a ɗaki ɗaya, ga DJ, ga guɗa a kunne. In na dawo gida ba na iya magana, ko sunana aka kira bakina ba ya buɗuwa, wani lokaci har washegari. Waɗanda suka gan ni a wajen bikin za su rantse lafiyata ƙalau. Mijina ne kaɗai yake ganin abin da ya rage.

Ummu_Haidar_Tumfure:
Innalillahi. ShiruShiru, kamar kin leƙa ɗakina. Ni lambar da ke wuyan riga ma sai na yanke ta. Kuma wannan rashin maganar bayan biki, maigidana fushi yake ɗauka.

Zee_Herwagana:
Ni fa tsakani da Allah DJ ɗin yanzu ko mai lafiya ya isa ya haukata shi. A hana su kawai kowa ya huta.

Auwal_Mai_POS:
Zee, ki bar DJ, ki zo layinmu ki ji janareton mai walda. In haka ne duk unguwarmu muna da otizim, lol.

Nas_Pantami:
Auwal, wasa kake amma ka kawo magana. Kowa yana da ranar da hayaniya ke isarsa, kowa ya taɓa kasa gane gatse. Ba a cewa mutum yana da shi sai abubuwan sun taru, sun faro tun yarinta, kuma suna ci masa rayuwa: aure, aiki, zumunci, lafiya. Akwai kuma masu kama da shi. Mai tsoron shiga jama'a yana gane fuska sarai, tsoron a yi masa dariya ne yake damunsa. Wadda ta sha duka ko wulaƙanci tana yarinya ita ma tana iya janyewa daga mutane. Ga ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, wanda sau da yawa ma tare suke zuwa. Abin da ShiruShiru ta kwatanta na haddace gaisuwa da kwaikwayo, shi ne abin da bincike ya nuna mata sun fi yi, kuma yana da tsada. Da yawa sai sun zo da ciwon damuwa ko fargaba ko matsalar cin abinci, a yi ta maganin wannan shekara da shekaru, ba a tono abin da ke ƙasa ba.

Makaniki_Bolari:
Kuna ta mata, mata, kamar mu maza a aljanna muke. Ni ba wanda ya duba ni, amma duk abin da ShiruShiru ta faɗa ban da leshi nawa ne. Injin mota in ya yi ƙara daga bakin titi zan faɗa maka abin da ke damunsa. Amma zaman majalisa azaba ne, mutum biyar suna magana lokaci ɗaya, kafin in shirya tawa an wuce wajen. Zance kuwa, yarinyar farko da na nema, na zauna na yi mata bayanin bambancin injin dizal da na fetur har aka kira isha'i. Ba ta ƙara fitowa ba. Kwastoma ya kawo mota in ce masa kai ka kashe ta da rashin canjin mai, gaskiya ce, amma sai ya koma garejin maƙwabcina. Yarana na gareji su suke karɓar mutane yanzu, ni ina ƙarƙashin mota.

Bafullatana_Dukku:
Hamma Makaniki, ba wanda ya ce kuna hutawa. Amma dubi abin da ka faɗa da bakinka: ka samu yaran da suke karɓar maka mutane. A gida ma na tabbata matarka ce take zuwa suna da barka da dubiya a madadinka, a ce ai Malam ba ya son hayaniya, haka Allah ya yi shi. Mace wa zai je mata? Ita ce mai karɓar baƙi, ita ce mai zaman makoki na kwana uku a cikin mata, ita ce za ta gane fuskar uwar miji ta canza tun kafin a yi magana. Namiji in ya nutse cikin injin ko lissafi sai a ce gwani ne. Yarinya in ta nutse cikin littattafan hikaya ko lalle ko haddar sunayen dangi kaf da ranakun haihuwarsu, ba mai ganin wani abu, ai abin mata ne.

Makaniki_Bolari:
Wannan kam haka ne, ita take zuwa. Amma neman abinci fa? Wanda bai iya fadanci ba a garin nan ya san yadda ake ƙarewa.

Malam_Na_Zaure:
Ina bin maganar tun safe. Abin da zan ƙara, a ji tsoron Allah a kan saurin cewa aljanu. Mutum ya toshe kunne ya faɗi yana kuka saboda hayaniya ta fi ƙarfinsa, sai a taru a danne shi ana yi masa ihu a kunne, wani har da bulala. In yanayin da nas take faɗa ne, to ƙara masa aka yi. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne ga kowa, a yi su cikin natsuwa, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma a cikin almajiran da na karantar na ga masu hadda kamar rikoda waɗanda ba sa iya wasa da 'yan'uwansu. Allah ya sa ba mu zalunce su ba.

Dalibin_Likitanci_GSU:
Amin Malam. Sai dai kada a ɗauka duk mai otizim yana da wata baiwa ta ban mamaki, kaɗan ne suke da irin wannan. Bappa kuma da ya ce a da babu, akwai su, sunaye ne daban: miskili, bahago, wawan gida, mai iska. A Amurka a 2000 ana lissafin yaro 1 cikin 150, rahoton 2025 ya ce 1 cikin 31. Babban dalili an faɗaɗa ma'aunin ne kuma an ƙara dubawa. A 2013 ma aka haɗe nau'in otizim da ake kira Asperger da sauran nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya. Duk wanda aka haifa kafin wannan faɗaɗawa, in yana magana yana cin jarabawa, da wuya a gano shi. Mawaƙiyar nan ta Sikotland, Susan Boyle, sai da ta haura 50 aka gaya mata, bayan ta tashi ana ce mata ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu wajen haihuwa.

Anti_Larai_Kumo:
Duk na ji ilimin, amma ni tambayata, in an gano sai me? Na ji ana cewa magani babu. Ummu Haidar, ni babba ce a kanki, ki saurare ni. Ranar da dangin mijinki suka ji kalmar gado, an gama. Za a ce ke kika shafa wa yaro, a fara yi masa huɗubar ƙaro lafiyayya. Ki kula da ɗanki, ki rufa wa kanki asiri.

Nas_Pantami:
Anti Larai, gadon ta kowane ɓangare yana zuwa, na uba ma haka, wani lokaci kuma canji ne sabo a jikin yaron da ba a samu a iyayen ba. Amma na san ba da wannan lissafin dangin miji suke aiki ba, tsoronki yana kan hanya. Gaskiya ne ba ƙwayar da ke cire shi. Ana dai maganin abin da ya biyo shi, damuwa, fargaba, rashin barci.

ShiruShiru:
Anti, abin da ya canza min ba takardar ba ce. Na daina yi wa kaina kallon muguwa. Shekaru ina istigfari a kan girman kan da ban san ina da shi ba. Yanzu ina zuwa kamu in bar dina, ina sa audugar kunne a ƙarƙashin ɗankwali, ɗinkina duk da shafi mai laushi a ciki. Na ce wa maigida in yana son abu ya faɗa min kai tsaye, kada ya yi shiru yana jira in gane. Dangin miji kuwa ban faɗa musu ba, ba kuma zan faɗa ba.

Abban_Tagwaye:
Ni miji ne ga mai irin wannan hali, ba a duba ta ba, amma karatun da na yi a kai ya ceci aurenmu. Da ina dawowa da abokai ba sanarwa in ga ta daskare, in ce ta wulaƙanta ni. Yanzu tun azahar nake tura saƙo: mutum uku, bayan magariba. Abinci har da lemo. Shawarata ki faɗa wa mijinki, Ummu Haidar. Ni da an ɓoye min da na fi jin ciwo.

Anti_Larai_Kumo:
Kai ɗaya ne cikin dubu, Abban Tagwaye. Kada ka sa yarinya ta yi abin da ba ya gyaruwa.

Ummu_Haidar_Tumfure:
Useko dukkanku. Maganar maigida zan yi istihara a kai. Na ga wani gwaji a intanet mai tambaya 50, na cika, makin ya yi sama sosai. Ya isa hujja? In kuma zan ga likita, ina zan dosa a nan Gombe? An ce ana tambayar iyaye yadda mutum yake yana yaro, ni kuma mahaifiyata ta rasu.

Nas_Pantami:
Allah ya jiƙanta. Wannan gwajin AQ ne, a Jami'ar Kambirij aka tsara shi a 2001. Manuniya ce kawai, ba hukunci ba, mai fargaba ma yana iya cin maki da yawa, wata mai otizim ɗin kuma ta ci kaɗan saboda ta saba ɓoyewa. Ki fara da sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ki tambaya tun farko ko akwai wanda ya saba duba manya a kan wannan, don ƙwararrun ba su da yawa kuma akasari yara suka fi gani. Mafi sauƙi ki fara da likitar da ta duba Haidar, ta san wanda za ta tura ki wajensa. Ba dole sai uwa ba, yaya ko goggo da ta yi rainonki ta isa, tsofaffin katunan sakamakon firamare ma suna taimakawa. Kuma ki rubuta abubuwan a takarda kafin ki shiga, har da kukan banɗakin. In ba haka ba za ki zauna ki gaishe da likita tsaf, ki yi murmushi, ya ce lafiyarki ƙalau.

Makaniki_Bolari:
Nas, mu maza ma sashen ɗaya ne? Kuma ana zuwa ranar Asabar? Ranakun aiki ba na iya barin gareji.

Nas_Pantami:
Sashe ɗaya ne Hamma. Asibitin ganin likita na irin wannan ranakun aiki ake yi, sai ka bar wa yaran garejin na rabin yini.

Zee_Herwagana:
ShiruShiru don Allah wane tela ne yake miki shafin nan mai laushi? Ki turo min ta inbox, ni ma leshi yana cina.